Kalmar "Slight": Idan Bature Ya Ce 'Yar Matsala Ce, Ka Buɗe Kunne

 Waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau kalma ɗaya tal za mu ɗauka, mai haruffa shida: slight. Kuna cin karo da ita a saƙon banki, a sanarwar filin jirgi, a takardar asibiti, a labaran farashin kaya. In aka tare ɗayanmu aka ce mece ce ma'anarta, sai ya ce "ƙarami", ya wuce abinsa. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar rabin zancen a baya. Wanda ya tsaya a "ƙarami" kawai, wata rana zai ce "I rented a slight room", mutane su yi ta kallonsa. Wannan ma mai sauƙi ce. Babbar ita ce ranar da manajarsa za ta kira shi ofis ta ce, "We have a slight problem with your report", shi kuma ya koma gida hankali kwance, alhali an gaya masa ne cewa aikin bai yi ba.

Bari mu fara da furuci, mu sallame shi da wuri. Ana cewa "slait". Wannan g da h na tsakiya ba a furta su, kamar dai a light da night da right. Abin da ke ba mu wahala mu Hausawa shi ne baƙaƙe biyun farko, domin harshenmu ba ya son fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ya cusa wasali a tsakani. Shi ya sa school ta koma sukul, shi ya sa ma za ka ji ana cewa "silait". Ka gwada jan s ɗin kamar hucin maciji, sannan ka faɗa kan l kai tsaye. Kuma ka fitar da t ta ƙarshe sosai, don in ta yi laushi ta koma d, ka faɗi slide ke nan, wata kalma daban.

To, ma'ana fa?

Slight sifa ce da ke auna ƙarfin abu ko yawan yadda ya faru. Tana gaya maka cewa abin yana nan, amma bai yi tsanani ba, bai kai ya kawo ba. Mu kuwa muna da abin da ke yin wannan aikin a bakinmu kullum, wato "ɗan" da "'yar". Ku saurara:

"I have a slight headache." Ina ɗan jin ciwon kai.
"There is a slight difference between the two." Akwai ɗan bambanci tsakanin biyun.
"There will be a slight delay." Za a ɗan samu jinkiri.
"She speaks with a slight accent." Ana ɗan jin harshenta na gida in tana Turanci.
"He gave a slight smile." Ya yi ɗan murmushi.

Kun lura da irin sunayen da take bi? Ciwon kai, bambanci, jinkiri, murmushi. Sai ka ƙara da canji, ƙari, ragi, zazzaɓi, kuskure, ci gaba, shakka. Kusan duk abubuwa ne da ba ka iya ɗauka da hannu ka ajiye a kan tebur. Abubuwa ne da suke iya yin ƙarfi ko su yi rauni. Nan ne gidan slight.

Ɗaki kuwa, ko mota, ko waya, ko gari, ko jaka, waɗannan girmansu ake aunawa, kuma wannan aikin small ne. A nan ne ma "ɗan" ɗinmu zai iya yaudararka, domin shi ya fi slight faɗi. Muna cewa 'yar jaka, ɗan ɗaki, 'yar mota, duk daidai ne a Hausa. Amma in ka juya su zuwa Turanci, "a small bag" za ka ce, "a small room", "a small car". Ga dabara mai sauƙi: small tana iya shiga gurbin slight a wurare da yawa, "a small change" da "a slight change" duk sun zauna. Slight ce ba ta iya shiga gurbin small a ko'ina. In abin na taɓawa da hannu ne, ka kama small, galibi ba za ka yi kuskure ba.

Akwai wuri ɗaya da za ka ji an jingina slight ga mutum. In aka ce "a slight young woman", ko "a man of slight build", ana nufin mutum siriri marar jiki, irin wanda mukan ce iska za ta iya ɗauka. Za ka ga wannan a littattafan labari, da kuma sanarwar 'yan sanda in suna kwatanta wanda ake nema. Babu ruwanta da shekaru. Yaro ɗan shekara uku "a small boy" ne, ko da kuwa ɓul-ɓul yake.

Wani abu da ya kamata mu taɓo shi ne tasirin Turancin buroka. A titi mukan ji "I get small fever", daga nan sai ta shigo Turancin makaranta ta zama "I have small fever". Tsakaninka da abokai babu wanda zai kama ka, kowa ya gane. Amma a takardar neman izinin hutu, ko gaban likita a wata ƙasa, ko a intabiyu, abin da ake sa ran ji shi ne "I have a slight fever". Kuma kar a manta da wannan 'yar a ɗin ta farko. Yawancin sunayen da slight ke bi ana ƙirga su, don haka "a slight change" ake cewa, "a slight problem", "a slight cough". In ka yar da a, kunnen mai harshen zai ji gibi nan take.

Yanzu sai ƙanwarta, slightly. Ita bayanau ce, tana bin aikatau ko wata sifar, kuma a Hausa "ɗan" ko "kaɗan" ce. "Prices rose slightly", farashi ya ɗan tashi. "I'm slightly late", na ɗan makara. Inda ta fi jin daɗin zama shi ne wajen kwatanta abu biyu: "slightly better", "slightly cheaper", "slightly older than me". Sannan ku lura, ta fi son sifofin da ke nuna damuwa ko naƙasu. "Slightly worried", "slightly confused", "slightly damaged", duk suna tafiya sumul. Amma "slightly beautiful" ko "slightly excellent" ba sa zama a kunne. In ka ce wa budurwa "you are slightly beautiful", to kai da ita, ba ruwanmu.

Masu shirin rubuta IELTS, wannan naku ne. A ɓangaren rubutu na masu neman karatu, aikin farko shi ne a ba ka zane ko jadawalin alƙaluma ka bayyana shi da kalmomi aƙalla 150, cikin kamar minti 20. A nan za ka buƙaci iya juya magana ɗaya ta hanya biyu: "There was a slight increase in sales" da kuma "Sales increased slightly". Ta farko sifa da suna, ta biyu aikatau da bayanau. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gauraya su, a ce "a slightly increase" ko "increased slight". Sannan ka dubi zanen da kyau kafin ka zaɓi kalma. In layi ya tashi daga 40 zuwa 42, slight ce. In ya tashi daga 40 zuwa 90, kalmarka ita ce sharp.

Slight tana da maƙwabta da ake yawan rikita ta da su, bari mu raba musu gado a taƙaice. Mild tana nuna rashin zafi ko rashin kaifi: cuta mai sauƙi, miya marar yaji sosai, yanayi marar tsananin sanyi. Minor tana nuna rashin muhimmanci idan aka gwada da babba, kishiyarta major, shi ya sa ake cewa "minor surgery", ƙaramar tiyata, ba a cewa "slight surgery". A bit da a little kuwa su ne na hira, "I'm a bit tired" ta fi "I'm slightly tired" sakewa a bakin abokai.

Ga kuma wani bambanci mai kama da wasa amma yana da nauyi. In likita ko lauya ya ce "There is a slight chance", yana cewa akwai 'yar dama, ƙofa ba ta rufe ba. In ya ce "There is little chance", ba tare da a ba, yana cewa kusan babu, kar ka sa rai. Ƙanƙanta ce duka biyun, amma ɗaya tana kallon abin da ya rage, ɗaya tana kallon abin da babu.

Yawwa. Yanzu mun zo inda zancen yake.

Slight tana da fuska biyu, kuma dole ka san wacce ake nuna maka. A wasu wuraren ma'auni ce tsayayya, har da lamba. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka in ta ce "slight chance of rain", tana nufin yiwuwar ruwa kamar kashi 20 cikin 100. Cibiyarsu mai hasashen guguwa da ke Oklahoma tana da matakan haɗari biyar, kuma "slight risk" shi ne mataki na 2, wanda duk da sunansa ana iya samun guguwa mai ɓarna a cikinsa. A Birtaniya, in hasashen teku ya ce "slight", tsayin igiyar ruwa ne daga rabin mita zuwa mita 1.25. Alƙaluman haɗarin mota na ƙasar ma sun kasa abin gida uku: wanda ya mutu, wanda ya ji mummunan rauni, sai "slight injury", irin targaɗe ko ƙujewa ko ɗan yanka. A irin waɗannan wurare, abin da aka faɗa shi ake nufi.

Amma a bakin mutane, a ofis da gida da waya, labari ya sha bamban. Turawa, musamman na Ingila, suna da al'adar rage wa magana nauyi. Abu ya kai dutse, su kira shi tsakuwa. Misalin da ya fi shahara ya faru ne a daren 24 ga Yuni, 1982. Wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747, da ya tashi daga Kuala Lumpur zai je Perth a Ostireliya, ya shiga cikin tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indonesiya. Injunansa huɗu duk suka mutu a sararin sama. Matuƙin jirgin, Kyaftin Eric Moody, ya ɗauki makirfo ya shaida wa fasinjoji cewa suna da "a small problem", sannan ya ce injuna huɗun duk sun tsaya. Daga baya injunan suka tashi, jirgin ya sauka lafiya a Jakarta, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Small ya yi amfani da ita, amma aikin da ta yi a wannan jimlar shi ne ainihin aikin da slight ke yi kullum a ofisoshi: a faɗi babban abu da ƙaramar murya don kar hankali ya tashi.

Kuma kar mu yi kamar abin baƙo ne a wurinmu. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka tambayi 'yan gidan, su ce "jiki da sauƙi". Miji da mata sun yi faɗan da har ta tafi gidansu, a ce "an ɗan samu saɓani". Ɗan kasuwa ya tafka asara, ya ce "kasuwa ta ɗan ja baya". Duk Bahaushe ya san yadda ake sauraron irin wannan "ɗan", ba a ɗaukarsa a yadda ya zo. Abin da ke faruwa shi ne, in muka koma Turanci sai mu ajiye wannan kunnen a gida, mu riƙa fassara kalma da kalma kamar ƙamus. To ka tafi da kunnenka na Hausa, zai yi maka aiki a can ma.

Ta yaya za ka gane wacce fuskar ce? Ka dubi abin da ke kewaye da kalmar. In abokin aiki ya leƙo yana wucewa ya ce "slight typo on page two", kuskuren rubutu ne kawai, ka gyara ka ci gaba. In kuwa shugabarka ta ce ka shigo ka rufe ƙofa, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce "there's a slight issue with the figures", to ba don waƙafi aka rufe ƙofa ba. In malamin da ke duba kundin digirinka ya rubuto "I have a slight concern about your method", kar ka bar saƙon ya kwana uku, domin hanyar bincike ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. In an ce "a slight change of plan", ka tambaya me ya canza kafin ka ce to, wani lokacin duk tsarin ne aka rushe.

In kuma ba ka tabbata ba, tambaya ba laifi ba ce, matambayi ba ya ɓata. "How serious is it?" Yaya girman abin yake? "How long is the delay, roughly?" Kamar jinkirin minti nawa? "Do I need to redo it, or just correct it?" Sake shi zan yi ko gyara kawai? Waɗannan tambayoyin ba rashin ladabi ba ne, suna ma nuna cewa ka ɗauki maganar da muhimmanci.

Kai ma za ka iya morar kalmar. A ce wanda ya girme ka a wurin aiki ya yi kuskure a lissafi. In ka rubuta masa "You made a mistake", kamar ka nuna shi da yatsa ne a gaban jama'a. In ka ce "I think there's a slight error in the total", saƙo ya isa, mutuncinsa kuma yana nan. Haka in kana ciniki: "It's slightly above my budget" ta fi "It's too expensive" barin ƙofar ragi a buɗe.

Sai dai akwai wurare biyu da zan roƙe ku ku ajiye wannan ladabin. Na farko gaban likita. In ƙirjinka na ciwo har numfashi na yi maka wuya, kar kunya ko dauriya ta sa ka ce "a slight pain". Likita da abin da ka faɗa yake fara aiki, kuma a ɗakin gaggawa ana duba mutane ne bisa tsananin halin da suke ciki. Ka ce severe, ka faɗi yadda abin yake. Na biyu, in kai ne ka yi ɓarnar. Ka goge bayanan kwastomomi daga kwamfutar ofis, sannan ka rubuto "a slight problem"? Ranar da aka gano girman abin, ba za a ce ka iya Turanci ba, cewa za a yi ka yi rufa-rufa. Rage nauyin magana ado ne in kana kare mutuncin wani. In kanka kake karewa, sunansa ya canza.

Saura slightest. A ƙa'ida ana cewa slight, slighter, slightest, amma ta tsakiyar ba a cika jin ta ba. Ta ƙarshen ce ke yawo, kuma abin mamaki, ita ƙarfafa magana take yi. Daidai take da "ko kaɗan" ko "ko alama" a Hausa.

"I don't have the slightest idea." Ban sani ba ko alama.
"Without the slightest doubt." Babu shakka ko kaɗan.
"The baby wakes at the slightest noise." Da an yi motsi kaɗan jaririn ya farka.

Ga wani tarko a nan. Ka shiga jirgin ƙasa, ka ga kujera, ka tambayi na kusa, "Do you mind if I sit here?" Ya ce, "Not in the slightest." Wani da ya ji not sai ya ɗauka an hana shi, ya wuce yana ƙunƙuni. Alhali tambayarka ita ce ko zai damu, shi kuma ya ce ko kaɗan ba zai damu ba. Wato bismillah, zauna.

Abu na ƙarshe, slight tana iya zama aikatau ko suna, kuma a nan ma'anarta raini. "He felt slighted", ya ji an raina shi, kamar wanda aka gayyaci kowa biki aka tsallake shi, ko aka gaisa da kowa a taro aka wuce shi. "She took it as a slight", ta ɗauke shi a matsayin wulaƙanci. In ka duba, hanyar ɗaya ce da tamu. Daga ƙanƙane muka samu ƙanƙantar da mutum, su ma daga ƙaramin abu suka samu mayar da mutum ƙarami. Tarihin kalmar ma ya nuna haka. A tsohon Turanci na ƙarnonin tsakiya tana nufin abu mai santsi ko siriri, kuma 'yar uwa ce ga kalmomin Jamusanci schlicht, wato abu marar ado, da schlecht, wato marar kyau. Daga santsi aka gangaro zuwa siranta, daga siranta zuwa rashin nauyi, daga nan zuwa raini. Kar kuma a haɗa ta da sleight ta cikin "sleight of hand", wato rufa-ido irin na masu dabo. Furucinsu ɗaya, amma ba dangi ba ne.

Kafin mu rabu ga aikin gida. Ku juya waɗannan zuwa Turanci: "Farashin shinkafa ya ɗan sauka a wannan makon." "Ina da ɗan tari tun jiya." "Ban damu ba ko kaɗan." "Mun kama ɗan ƙaramin shago a kasuwa." Ku yi hattara, ɗaya daga cikin huɗun ba ta karɓar slight ko 'yan uwanta sam. Wanda ya gano ta ya turo mana tare da dalilinsa, za mu karanto amsoshin a farkon shiri na gaba.